Filogi Mai Ƙafa Biyu

Ranar Asabar ɗin da Awaisu mai jita ya faɗi matacce a gaban jama'a, babu ko ƙyallin girgije a saman Unguwar Maje. Kaka ce, an yanke dawa, damina ta yi sallama tun makonni biyar. Amma kafin a ɗauke gawar daga fili, magana ɗaya ce a bakin kowa: aradu ce, kuma turo ta aka yi.

Maitama bai ga faɗuwar ba. Yana hanyar dawowa daga Tsiga, inda ya kwana biyu yana bin sawun wasu shanun huɗa da aka sace, ya ji labarin a bakin ɗan acaɓan da ya ɗauko shi daga Dayi. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki. Ba ɗan sanda ba ne, bai taɓa zama a aji ba, amma daga Maska har Malumfashi in aka kore dabba ko aka fasa rumbu, shi ake aika wa.

Ya tarar da filin bikin kamar an yi yaƙi. Kujeru a kife, tukwanen shinkafa a buɗe ba mai kallonsu. Bikin naɗin sabon Maigari ake yi, Alhaji Abdulmutallib, ga shi nan zaune a zaure, rawanin da aka naɗa masa da safe ya karkace.

"Ranka ya daɗe, ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya jiƙansa."

"Amin. Zauna, Maitama. Bayan azahar aka fito da Tsohuwa, mahaifiyata, aka zaunar da ita a gaba, don waƙarta ce ta farko. Yaron nan ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙe ya ɗauki jita. Bugu ɗaya ya yi. Sai muka ga ya sandare, haƙora a cije, idanu waje. Da ya faɗi har wayar ta fizge daga jikin jitar. Yatsunsa sun ƙone, tafin ƙafarsa ma haka."

Wani mutum da ke rakuɓe a bakin ƙofa ya ɗago jajayen idanu. Rabe ne, makaɗin kalangun Awaisu, shekara goma sha takwas suna yawo tare.

"Baba Maitama, wane bincike kuma? Dogo ne. A tsakiyar kasuwar Dayi ya ce aradu za ta raba shi da Awaisu, kunnuwan nan nawa suka ji. Kuma yau da safe an gan shi a filin nan."

Dogo Bamaguje ne, ɗaya daga gidaje uku da suka rage a hayin rafi suna bin addinin kakanni. Kowa ya san Awaisu ya yi masa zambo, waƙar da yara suka ɗauka suna bin sa da ita.

Maigari ya rage murya. "Samari sun tara gora, na ga jarkar fetur ma. Da ƙyar liman ya tausa su. Sun ce za su jira la'asar ɗin gobe, in ba a kawo musu wata magana ba za su haye rafi. Rawanin nan bai kwana a kaina ba tukuna, ba su fara jin maganata ba. In an ƙone mutumin nan da iyalinsa, da wane ido zan dubi hukuma, da wane zan dubi Allah?"

Maitama ya miƙe. "A hana kowa share filin nan. Ko kaza kada ta bi ta bayan zanar can."

* * *

Jama'a suka tafi maƙabarta, shi ya tsaya da ƙasa.

Tsakiyar filin ba abin karantawa, ɗaruruwan ƙafafu sun tattake shi. Amma inda Awaisu ya tsaya tsoro ya tsare wurin, ba wanda ya taka. Ga takalmansa na roba a jere gefe guda, ga sawun ƙafarsa tsirara ya nutse cikin damshi har ana ƙirga yatsu. Maitama ya danna ƙasar da babban yatsa. Laushi kamar bakin rijiya.

Ya tambayi matan da ke kwashe kwanuka. Sau biyu aka yi wa filin yayyafin ruwa, suka ce, da hantsi da kuma dab da kiran azahar. Na biyun an zuba ruwa sosai, saboda Tsohuwa tana fama da tari, ƙura ba ta yi mata.

Sawun Dogo bai yi wuyar samu ba: ƙafa mai faɗi, diddige duk faso, ƙaramin yatsan dama babu. Ya taso daga hanya, ya zo ƙofar zaure da nauyi a kansa, ya koma ba nauyi. Ɗigon ruwan yayyafi ya sauka a kan sawun, ya yi masa zanen ƙyanda. Wato tun kafin a jiƙa filin ya zo ya tafi.

Sai akwatin. Tsohuwar amfilifaya ce, na'urar da ke ƙara wa jita murya, tana zaune a kan benci, kyallen fuskarta ya yage, kusurwoyinta sun yi tsatsa. Ba wanda ya yarda ya taɓa ta. Baƙar igiyarta ta ratsa ta ƙasan zana zuwa wani soket da ke jikin bangon zaure, ƙasa-ƙasa, inda ake cajin waya.

Tsakanin zanar da bangon ɗan lungu ne, nan matan suka watsa ragowar ruwan bokiti. Mutum biyu suka shiga. Na farko mai takalmin roba, ruwa ya sauka a kan sawunsa: Awaisu ke nan, lokacin da ya haɗa kayansa. Na biyu silifas ne, irin wanda rabin garin ke sawa, ba ɗigo ko ɗaya a kansa. Bayan yayyafi ya shigo. Ya tsuguna a kan yatsu a gaban soket ɗin, har gwiwarsa ɗaya ta taɓa ƙasa.

A daman inda ya tsuguna akwai wata alama. Tsawonta ya ɗara taƙi ɗaya, kanta a lanƙwashe, da wasu siraran layuka uku a wuyanta.

Maitama ya sunkuya a kanta. Lauje? In lauje ne, maganar ta koma hayin rafi, don Dogo ba ya rabuwa da nasa. Ya kwanta rub da ciki ya duba da hasken yamma. A'a. Lauje yanka ƙasa yake yi, wannan kuwa kwanciya ya yi, abu ne mai kauri kamar yatsa, mulmulalle.

Ya karɓi tsohuwar ƙwarya a wurin matan ya kife a kai, ya ɗora dutse.

* * *

Da sassafe ya haye rafi. Ya tarar da Dogo zaune a gindin rumbunsa yana ɗaure ƙotar gatari, matarsa Mero tana tura kaya cikin buhu.

"Mai bin sawu. Kai suka turo ka nuna musu hanya? Ai ba ta ɓata ba."

"Gaisuwa ba ta kashe mutum, Dogo. Kun kwana lafiya?"

"Wanda aka yi wa alkawarin wuta yana kwana?"

Maitama ya zauna a kan turmi. Tare suka yi farauta suna samari, kafin kowa ya kama gabansa.

"Me ya kai ka filin jiya?"

"Damin dawa na kai wa sabon Maigari. Ubana ya kai wa ubansa, kakana ya kai wa kakansa. Na ajiye na juyo, ko ruwa ba a ba ni ba."

"Maganar aradu fa?"

Dogo ya tofar da yawu. "Na faɗa. Yaron ya sa jikokina ba sa iya zuwa rijiya sai an bi su da waƙa, wai kakansu tulun giya ne mai ƙafa. In kai ne me za ka ce? Amma duba nan, Maitama. In da aradu tana jin maganata, da ɓarayin da suka kore min bijimi bara suna yawo har yau?"

"Ka kwashe iyali ku tafi Maska kwana biyu."

"Mero da yara za su tafi. Ni kuwa in bar rumbu biyu cike da noman shekara? Kakana yana kwance a bayan kukar can. Su zo."

* * *

Murja, matar mamacin, ta shiga takaba. Daga bayan labule ta yi magana, gwaggonta na zaune a bakin ƙofa.

"Ki yi haƙuri, 'yata, ba lokacin tambaya ba ne, amma akwai ran wani a ciki. Akwatin nan na mijinki, ba ni labarinsa."

"Na babansa ne. Da shi ya yi wasa a Funtua tun zamanin da auduga ke da daraja. Ya fi son akwatin nan da ni, Baba, ina faɗa masa yana dariya." Sai ta ƙara da cewa, "Akwatin yana cizo."

"Cizo?"

"Haka suke cewa. Filoginsa ƙafa biyu ne, yana shiga ta kowace fuska. In aka sa shi daidai lafiya lau. In aka juya shi, sai wayoyin jitar su riƙa cizon yatsa. Shi ya sa babansa ya ɗiga jan fenti a fuska ɗaya, ya ce kullum jan ya kalli sama. Da ya goge, da jan farcena muka sabunta. Kuma ba ya wasa sai da takalmin roba, wasiyyar babansa ce."

"Jiya ya cire."

"Gaban Tsohuwa fa, Baba. Ita ta raine shi da uwarsa ta rasu. Ya tsaya a gabanta da takalmi?"

Maitama ya gyaɗa kai. Gaskiyarta. Shi ma da zai cire.

"Wa ke sa filogin?"

"Shi da kansa. Ba ya barin kowa."

"Ya taɓa mantawa?"

"Awaisu? Sai ya duba sau biyu, kamar mai ƙirga raka'a. Makon jiya ma sun kai shi Malumfashi wurin Mus'ab mai gyara, don ya fara wani irin gurnani. Ya dawo yana faɗa, wai Mus'ab yana so ya yanke igiyar babansa."

"Sun kai shi? Shi da wa?"

"Da Rabe mana. A kan mashin ɗin Rabe suke ɗaukarsa."

Daga nan Maitama ya sake bi ta lungun zana. Jiya ƙasa ya kalla, yau ya kalli bango. Fuskar filogin da ke sama baƙa ce wuluk. Ya sunkuya ya leƙa ta ƙasa. Ga jan farcen Murja yana kallon ƙasa.

* * *

Shagon Mus'ab yana bayan tasha a Malumfashi, cike da gawawwakin rediyo da fanka. Da ya ji abin da ya kawo Maitama sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya dafe kai.

"Innalillahi. Wallahi Baba na gaya masa! A nan inda kake tsaye na gaya masa."

"Gaya min yadda ka gaya masa. Amma da Hausa, ni ban yi boko ba."

Mus'ab ya jawo wani filogi daga tarkace. "Ka ga na zamani, ƙafa uku. Biyun nan su ke kawo wuta su mayar. Ta ukun nan, babbar, aikinta ɗaya: in wuta ta ɓalle ta hau jikin ƙarfen na'ura, ita ke kwashe ta ta kai ƙasa kafin ta sami mutum. Akwatunan da can ba su da ita. Maimakonta sai suka sa wani ɗan abu a ciki, kamar ƙullin goro, tsakanin waya ɗaya da jikin ƙarfen, don ya rage gurnani. In filogi ya shiga daidai, wayar da ba ta da zafi ce ke wajensa. In aka juya, mai zafin ce. In abin yana da lafiya, kaɗan yake bari ta wuce, shi ne cizon. To na Awaisu ya shekara hamsin, ya mutu murus. Ƙofa ce a buɗe. Wayoyin jita kuma a haɗe suke da jikin akwatin."

"Wato wanda ya riƙe jitar..."

"Kamar ya kama wayar kan falwaya ne. In yana kan roba a busasshiyar ƙasa, wataƙila ya sha. In ƙafa tsirara ce a kan damshi, shi ne ya zama ƙafa ta ukun." Ya share ido da bayan hannu. "Na ce ya bar ni in cire abin, in sa igiya mai ƙafa uku, aikin rabin awa. Ya ce muryar akwatin za ta canza, igiyar da ubansa ya riƙe ba mai yanke ta. Na ce to wallahi ranar da aka juya filogin nan ba cizo zai yi ba, kisa zai yi."

"Rabe yana ina lokacin?"

"Kan bencin nan, yana cin gyaɗa."

Maitama ya juya filogin a hannunsa. "Soket ɗin gidan Maigari rami uku ne. Yaya mai ƙafa biyu ke shiga?"

"Yadda kowa ke yi mana." Mus'ab ya ɗauki tsinken ashana ya tsuguna a gaban soket ɗin shagonsa. "Ramukan ƙasa a rufe suke sai an danna na sama. Ka tura tsinke da hannu ɗaya, ka cusa filogi da ɗayan."

"Hannu biyu ke nan."

"Dole."

Maitama ya tsaya yana kallonsa a tsugune. Mutum ya shigo lungu da abu a hannunsa na dama. Yana bukatar hannu biyu. Sai ya ajiye abin a ƙasa, a damansa. Abu mai kaurin yatsa, mai lanƙwasasshen kai, wanda mai shi ba ya rabuwa da shi a ranar biki ko da zai shiga lungu.

"Rufe shagon nan," ya ce. "Ɗauko abin gwajinka. Rana tana gudu."

* * *

An yi sallar la'asar sahu bai cika ba, amma Maitama bai lura ba, hankalinsa yana kan zana. Ya sa aka yaye ta aka jingine gefe. Maigari ya zauna a kujera, liman a gefensa, dattawa suka kewaye. Tsohuwa ta ce sai an fito da ita, aka shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure. Rabe yana cikin mutane, Maitama ya aika masa ya zo da kalangunsa, wai za a nuna yadda aka tsaya jiya.

Allah ya taimaka akwai wuta. Mus'ab ya tsaya a kan busasshen katako ya kunna akwatin yadda aka bar shi, ya ɗora bakin testa, abin gwajin wuta, a kan ƙarfen fuskarsa. Ƙwan da ke cikin testar ya kama, ja kamar garwashi. Mutane suka ja da baya. Ya kashe, ya zare filogin, ya juya jan ya kalli sama, ya mayar, ya sake gwadawa. Ƙwan bai ko motsa ba.

"Ga aradunku nan," Maitama ya ce. "Ba daga sama ta zo ba, daga bangon nan ta fito. Dogo ya zo da safe ya ajiye dami ya tafi, sawunsa yana ƙarƙashin ruwan yayyafi, duk mai ido ya je ya gani. Awaisu ya sa filoginsa daidai kafin azahar, ya gwada, kun ji shi da kunnenku, bai mutu ba. Aka tafi masallaci. Wani ya shigo lungun nan ya juya shi."

"Silifas ne fa, Maitama," in ji wani dattijo da ya leƙa. "Ni ma irinsa ne a ƙafata."

"Shi ya sa ban ce kowa ya cire takalmi ba."

Ya ɗauke dutsen, ya ɗaga ƙwaryar. Ƙasar ta bushe ta riƙe alamar kamar an zana ta a jikin tukunya.

"Rabe, ara min sandar kiɗanka."

Rabe bai motsa ba. "Ta me, Baba?"

"Ta kiɗa. Miƙo."

Liman ne ya zare ta daga hannunsa ya miƙa. Tsohuwar sanda ce, ta sha hannu har tana sheƙi, ta taɓa tsagewa a wuya aka ɗaure ta da siririyar waya zagaye uku. Maitama ya tsuguna ya kwantar da ita a cikin alamar. Ta zauna daram, kai a mazaunin kai, waya uku a kan layi uku.

Ana jin kukan akuya daga can bayan gari.

Kalangun ya zame daga kafaɗar Rabe. Ya zauna a ƙasa.

"Cizo kawai nake so ya yi masa," ya ce. "Wallahi tallahi cizo kawai. Ya yi tsalle a gaban mutane, ya yar da jita, a yi masa dariya sau ɗaya a rayuwarsa."

"Me ya yi maka?" Maigari ya tambaya.

"Ranka ya daɗe, shekara goma sha takwas ina bayansa. Waƙar Tsohuwar nan da zai rera, ni na tsara ta, baiti-baiti. Shekaranjiya a gaban masu shayi ya ce daga wannan biki ya sallame ni, zai ɗauko mai fiyano daga Funtua, wai fiyano akwai ganga a cikinta, kuma ba ta tsufa. Aka yi ta dariya. Igiyar ubansa ba zai canza ba, ni zai canza!"

"Kana kan benci Mus'ab ya ce kisa zai yi," Maitama ya ce. "Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji. Na ɗauka baki ne irin na masu gyara. Sau nawa ya cije ni ban mutu ba? Ban san zai cire takalmi ba."

"Ɗan garin nan ne kai. Ka san waƙar wa ce ta farko, kai ka tsara ta. Ka taɓa ganin wanda ya tsaya gaban Tsohuwa da takalmi?"

Maitama ya ci gaba.

"To bar wannan, na Allah ne da alƙali. Da ya faɗi, ka san abin da ya kashe shi. Sai ka ce Dogo."

Daga kan tabarma muryar Tsohuwa ta fito, siririya. "Ashe don ni aka jiƙa ƙasar. Don ni ya cire takalmin." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Maigari ya sa dattawa biyu su shigar da Rabe zaure su zauna da shi har motar hukuma ta iso. Sannan ya waiwaya yana neman samarin da zai gaya wa su mayar da gorarsu gida.

A lokacin ne Maitama ya lura babu su a wurin. Ya ɗaga kai. Daga hayin rafi baƙin hayaƙi yana tashi, miƙe sambal, don ko iska babu.

* * *

A kan mashin ɗin Mus'ab suka haye, su uku, Maigari a tsakiya yana riƙe da rawani.

Ba su tarar da kowa ba sai Dogo. Rumbunan biyu sun rufta, dawar tana ci a hankali, tana fashewa ɗaya-ɗaya, warinta kamar tuwon da ya kama. Ɗakin Mero ba rufi. Dogo yana zaune a kan turmi, fatar hannunsa ta dama ta saɓule har gwiwar hannu, gefen kansa yana jini. Dami huɗu ya iya jawowa, suna gabansa, rabi a ƙone.

"Tun ana kiran salla suka zo," ya ce, bai ɗago ba. "Sun ce in an jira ka, za ka wanke abokin farautarka."

Maigari ya durƙusa, abin da bai kamaci rawani ba. "Dogo, an gano gaskiya. Ba kai ba ne."

"Kun gano ba ni ba ne? Madalla. Ni tun jiya na sani."

"Su wane ne suka zo? Faɗa min sunayensu."

"Sun rufe fuska da rawani. Kuma in na faɗa, maganar arne ce, wa zai karɓa?" Sai yanzu ya ɗago, ya dubi Maitama. "Amma ga wanda ake karɓar tasa. Toka ta fi damshi riƙe sawu, ko ba haka ba? Ga shi nan sun rubuta maka. Karanta wa Maigari."

Maitama ya taka a hankali zuwa bakin rumbun farko. Farar toka ta lulluɓe tsakar gidan, kuma sun bi ta kanta a guje da za su fita. Mutum tara. Ya san bakwai ba tare da ya sunkuya ba, mutanen da yake haɗa kafaɗa da su a sahu, waɗanda ya ci tuwon sunan 'ya'yansu.

Na gaba duka, wanda zoben gindin jarka ke biye da sawunsa, ba saurayi ba ne. Ƙafar hagu tana jan ƙasa kaɗan, tun ranar da ta karye a faɗowa daga kan kuka shekara arba'in da suka wuce. Maitama ne ya goya mai ita zuwa gida a ranar, yana kuka a bayansa.

Ya daɗe a tsaye. Taku ɗaya zai yi a kai, sawun ya goge, toka ta koma toka. Maigari yana jira, Mus'ab ya kau da kai. Dogo kuwa ya zuba masa ido, jini yana ɗiga daga haɓarsa.

"Ranka ya daɗe," Maitama ya ce, "sa Mus'ab ya rubuta. Na farko Zakariya ne."

"Wane Zakariyan?"

"Ƙanena."